Inda Suka Zaunar da Zulai

Mun tashi daga Kara ana idar da sallar asuba, ni da wata maƙwabciyata da za ta je barkar haihuwa a Kabo. Ita tana riƙe da ledar sabulu da 'yan kayan jariri. Ni ƙullin daddawa ne a hannuna, sai fushi a cikina.

Ga dalilin tafiyar, don kada ku ce tsohuwa ta fita yawon banza. Ina da jika, Zulai. Uwarta ta rasu tana goye, ni na yaye ta, ni na raine ta har ta isa aike. Daga baya ubanta ya ɗauke ta zuwa Kabo, inda yake da shagon hatsi, ya ce a can akwai makarantar kuɗi da ake koyarwa da na'ura. Uban nata shi ne ɗana na fari, don haka ba za ku ji sunansa a bakina ba. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunan ba, ban kuma saba yi masa magana ido da ido ba. Haka na tarar iyayenmu na yi. To sai ga saƙo ta bakin wata mai kai kuka kasuwa: za a cire Zulai daga makaranta. Wai hankalinta ba ya aji. Wai iska ce ta taɓa ta.

Ni ban yi boko ba. Wannan ma faɗa nake ana rubuta min. Amma na binne miji, na binne 'ya'ya, na ga shekarar da muka ci dusa. Na san kamannin wanda hankalinsa ya gushe. Zulai ba ta cikinsu. Yarinyar da za ki ba ta saƙon gidaje daban-daban ta kai wa kowa nasa ba ta cakuɗa ba, ita ce yau ba ta da hankali?

Ɗan acaɓa ɗaya ya ɗauke mu mu biyu. Lokacin da aka dawo da shari'a an yi ta wa'azin kada mace ta hau bayan ɗan acaɓa. Mu a ƙauye ba mu da wani abin hawa. Na sa ƙullin daddawa tsakanina da bayansa, na ce ga katanga nan. Har muka isa Gwarzo bai juyo ba, warin ya ishe shi.

Damina tana sallama. Dawa ta fid da kai, an fara yankan gero, gyaɗa a tuge a gonaki ana shanya ta. Ƙasa ta yi kyau, hanya ce ta lalace. Ruwa ya cinye gefenta, ya bar ramukan da akuya za ta kwanta a ciki ba a gan ta ba. Duk inda muka zo gangara sai mutumin ya kashe babur ya bar shi ya silala. Ya ce tun da aka cire tallafin mai, gangara ta zama ni'ima. Inda aka zo hawa kuwa, sauka muke mu taka.

A tashar Gwarzo muka karya. Wainar da na sani faffaɗa ta koma kamar murfin kwalba, miyar kuma ruwa ce mai launi. Ƙosai ka danna shi sai iska. Ban ga laifin mai suyar ba, na ga yadda take ɗiga mai a tanda kamar mai sa magani a ido. Da ɗan kamasho ya faɗi kuɗin Kabo, na tambaye shi ko Makka motar za ta.

Ya ce, "Inna, mai ne ya hau."

Na ce, "Ni ma hawa kawai zan yi, ba sayen motar ba."

Bai rage ba. Muka shiga. Maza gaba, mata baya, kamar kullum. Aka ɗora mana buhun albasa a kan ƙafa. Wani saurayi a kujerar gaba ya kunna wayarsa, na kusa da shi suka karkato kai suna ta ƙyalƙyata dariya. Mu na baya sai ƙarar muke ji, sai ƙeyoyinsu muke gani. Da na ga direba ma yana satar kallo, na ce, "Direba, idonka a titi. Ban yi wasiyya ba." Ya ce to, Inna. Bai daina ba.

Hanyar ba ta da nisa, tsayawa ce ta yi yawa. A sauke wannan, a ɗauki wancan, a tsaya wajen 'yan bumburutu a zuba mai kaɗan kamar na fitila. An shanya masara a gefen kwalta, kaji na bi. Matan Fulani na tafe a jere da ƙorai a ka. Maƙwabciyata ta sayi dafaffiyar gyaɗa, rabinta ba ƙwaya. Kafin rana ta take muka shiga Kabo, ta nufi gidan barkarta, na nufi nawa aikin.

Tun daga zaure hayaƙi ya tare ni. An turara gidan da tazargade da wasu saiwoyi har ido na yaji. Matar ɗana ta fito da gudu ta durƙusa. Yarinyar kirki ce, ba ni da abin cewa a kanta. Muka gaisa, ina gajiya, ina mutanen gida, ina damina, ina su wane da wane, har ta ƙare. Na ga gorar ruwan rubutu a jingine a bakin ɗaki.

Zulai ta dawo daga makaranta da azahar. Ta yi tsawo, ta rame. A da in ta gan ni tsalle take ta maƙale min a wuya tana cewa tsohuwa mai warin daddawa. Ranar durƙusawa ta yi daga nesa ta gaishe ni kamar baƙuwa. Na ce, "Ke, wa ya mutu?"

Da la'asar uban ya shigo. Ya tsuguna a bakin tabarma kansa a ƙasa. Na juya wajen matarsa na ce, "Tambayi mijinki me yarinya ta yi."

Ya amsa wa ƙasa. Ya ce, "Inna, da ƙafata na je. Aka ba ni kujera kusa da malam, na ga komai. Allo ne mai magana, hoto na motsi, yara na kallo ko ƙiftawa ba sa yi. Ita kaɗai taga take kallo. Idonta na zubar da hawaye ba a dake ta ba. Kullum ciwon kai. Jarabawa ba ta ci komai ba. An yi addu'a, an yi hayaƙi, ba sauyi. Ga yadda gari yake. Abin da za mu ci nake kai wa makarantar nan. In Juma'a ta zo shi ke nan, ta zauna ta taya matata suyar awara."

Na ce wa matar, "Gaya masa gobe zan je in ga allon."

Washegari na bi Zulai. Makarantar gida ne aka rushe bangon tsakiya aka yi azuzuwa. A ƙofa an kafa ƙaton hoton yara farare tas suna murmushi a gaban na'ura, ko ɗaya ba ɗan garin ba ne. Hedimasta ya karɓe ni da fara'a, mutum mai tumbi da turare. Ya ce iyaye na da damar shiga su gani da idonsu. Ya raka ni ajin. Akwai kujerar roba a gaba kusa da teburin malam, ta baƙi. Ya dube ta, ya dube ni, sai ya ce, "Inna, bismillah, ga wajen mata can." Ya nuna min bencin ƙarshe.

Ban yi musu ba. Duk rayuwata a baya ake zaunar da ni. Na je na matsa kusa da Zulai.

Ga yadda ajin yake. Dogo ne kamar zaure. Maza sun cika bencinan gaba, mata na bayansu. Tsohon allon bango yana nan, amma an lulluɓe shi da wani ƙyalle mai hotuna. A kan tebur aka jingina na'urar. Ita ce allo mai maganar. Faɗinta bai fi faifan tuwo ba.

Malamin saurayi ne siriri, wuyan rigarsa ya ƙoƙe. Ya jona waya, ya danna, ya jira. Wani abu ya yi ta juyawa. Ya ce sabis ne. Ya ɗaga wayarsa sama, ya je bakin ƙofa, ya dawo. Yara na ta surutu. Can sai abin ya kama, wata murya ta fito tana Turanci ta hanci.

Na buɗe ido iya buɗewa. Idona garau yake, har yau da kaina nake zura zare a allura. Abin da na gani shi ne huluna da ƙeyoyi. Na leƙa ta tsakanin kawuna biyu, sai wani farin haske kamar an haska madubi. Tagar gefe a buɗe take saboda zafi, rana ta faɗa kan gilashin ta wanke shi. Na kasa kunne. A bayan bangon da muke jingine akwai injin markaɗe, tun da muka zauna yake ruri. Maza suka fashe da dariya. Na ce wa Zulai, "Me ya faru?"

Ta ce, "Ban sani ba, Inna. Kullum a nan suke dariya."

Na dubi 'yan matan. Ɗaya na warware zaren bakin hijabinta. Biyu na gwada wa juna lalle a ƙarƙashin benci. Wata ta kifa kai tana barci abinta. Su sun daɗe da haƙura. Zulai ce kaɗai ba ta haƙura ba. Ta miƙe wuya, ta ƙanƙance ido, ta kafe farin hasken nan tana nema. Ina kallo ruwa ya taru a idonta ya gangaro. Da ya ishe ta, ta juya wajen taga ta huta. To ga iskar. Ga aljanin da aka yi ta turara wa hayaƙi.

Kada ku ɗauka na gaban sun tsira. Da hoton ya ƙare malam ya yi tambaya a kan abin da aka nuna. Waɗanda ba sa ƙiftawa ɗin nan, ko ɗaya bai ɗaga hannu ba. Wani ya ce, "Malam, a maimaito wajen kyanwar." Ashe akwai wata kyanwa a cikin hoton. Ajin ya ɗauka, a maimaito, a maimaito. Idonsu na wurin, hankalinsu na wajen kyanwa. Kallo daban, karatu daban.

Da aka tashi tara na kira malamin. Na ce, "Ɗan nan, ka san daga nan ba a ganin komai?"

Ya waiga ƙofa, ya rage murya. Ya ce, "Na yi zargin haka, Inna. Da, da alli nake rubutu manya-manya, ina zagaya aji, ina leƙa littafin kowa. Yanzu igiyar cajin gajera ce, batirin kuma ya mutu, in na matsa daga tebur abin ya ɗauke. Tun da aka kawo shi aka daina sayen alli. Na ce a sauya zama, aka ce iyaye ne suka sa sharaɗi mata su zauna a baya."

Na ce, "To me ya sa ka ce wa ubanta hankalinta na taga?"

Ya ce, "Ya tambaye ni a gaban hedimasta. Ina da iyali."

Ban zage shi ba. Na san yunwa. Na wuce ofis. Hedimasta ya saurare ni yana juya makulli a yatsa. Ya ce na'urar nan ita ce ta bambanta su da makarantar gwamnati, saboda ita iyaye ke kawo yara. Ya ce batun zama kuma ba daga shi ba ne, taron iyaye ne ya yanke, don a kiyaye tarbiyya. Ya yi murmushi ya ce, "Ai ɗanki ma yana cikin waɗanda suka fi dagewa."

Na ce, "Iyayen da suka zo gani, a ina kuke zaunar da su?"

Ya ce, "A kujerar baƙi mana."

"Mata fa?"

Ya yi ɗan tunani. Ya ce, "Gaskiya ke ce mace ta farko."

Na fita ban yi sallama ba. Rana ta yi zafi, ban ji ta ba. Na bi ta cikin kasuwa, ta wajen masu rake da masu gasa masara, har rumfar 'yan hatsi. Ɗana yana tsaye yana auna wa wata mata dawa, abokansa na zaune a benci. Matarsa ba ta nan da zan aika ta da magana. Babu bangon da zan yi wa magana ya ji. Na tsaya a gabansa na kira sunansa.

Ba zan maimaita shi a nan ba. Sau ɗaya ne, ya isa. Kwanon awo ya faɗi daga hannunsa, dawa ta watse. Wani dattijo ya ce, "Subhanallahi." Shi kuwa ya dube ni kamar na tashi daga kabari.

Na ce, "Biyo ni."

Ya biyo ni ko takalmi bai gyara ba. Muka tarar an koma aji. Hedimasta ya taso yana jawo masa kujerar roba. Na ce a'a. Na nuna bencin ƙarshe. Ɗana ya ce, "Inna, wajen mata ne." Na ce, "Wajen 'yarka ne. Kai ka zaɓar mata." 'Yan matan suka matsa can gefe suna rufe baki. Ya zauna, ƙaton mutum, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Na ce wa malam ya kunna.

Ɗana ya miƙe wuya. Ya karkata dama, ya karkata hagu. Ya cire hula. Injin markaɗe na ta aikinsa. Maza suka yi dariyarsu a inda suka saba. Na ga ya ƙanƙance ido daidai yadda Zulai ke yi, don idonsa ta ɗauko. Bai daɗe ba ya sa bayan hannu ya goge.

Na ce, "Kai ma iskar ta taɓa ka? A kawo hayaƙi?"

Ya juya ya dubi 'yarsa. Ita ta sunkuyar da kai. Ya daɗe a haka. Sannan ya miƙe ya ce wa hedimasta su je ofis.

Ban bi su ba, amma muryar ɗana ta fito har waje. Da suka dawo aka sa manyan yara suka ja bencina. Maza a hagu, mata a dama, hanya a tsakani, kowa da nasa gaban. Ba wanda ya taɓa wani, tarbiyya ba ta zube ba. Abin da aka kasa yi tun farkon shekara, kafin shayi ya huce an gama shi. Aka rataya buhu a tagar da ke kashe gilashin. Na kwance ƙullin daddawata na ba mai shagon da ke kallon makarantar, ya ba ni kwalin alli. Malam ya yaye ƙyallen allon bango, ƙura ta tashi. Hedimasta ya ce ba laifi, amma ranar da baƙi za su zo sai an mayar da ƙyallen. Ku ji fa. Har yanzu baƙi yake tunani.

Na zauna na ga darasin ƙarshe. Malam ya nuna hoton kaɗan, ya kashe, ya ɗauki alli ya shiga tsakanin bencina yana tambaya. Masu neman kyanwa suka yi ta gunaguni. Wasu kuwa suka fara amsawa. Ban ce Zulai ta zama malama a yini ɗaya ba. An bar ta a baya da nisa, sai ta yi gudu. Amma ban ga ta dubi taga ba.

A hanyar gida ta kama gefen mayafina kamar da. Ta ce, "Inna, ashe kyanwar faɗawa take cikin bokiti. Shi ne abin dariyar."

Na ce, "Ya ba ki dariya?"

Ta ce, "A'a. Amma yanzu na gani."

Da yamma uban ya zubar da garwashin hayaƙin da kansa. Ya tsuguna a bakin tabarma ya ce wa matarsa, "Gaya wa Inna yarinya za ta ci gaba da zuwa." Na ce wa matar, "Gaya masa na ji." Muka koma yadda muke.

Da gari ya waye na biya na ɗauki maƙwabciyata, ta samo tuwon suna a leda da labarin dangi wanda bai ƙare ba har Gwarzo. Kuɗin mota ya ƙara hawa a kan na zuwa. Aka sake cusa mu a baya, wannan karon da kaji. A Gwarzo muka sami ɗan acaɓan da ya kawo mu, ya tambaye ni ina katangata, na ce na sayar. Muka shiga Kara ana kiran azahar. Awakina sun ci rabin shanyar kukata.

Abin da tafiyar nan ta koya min kaɗan ne. Na'ura ba ta da laifi, faifai ne mai haske, inda aka ajiye shi nan yake zama. Amma ba ta san wanda ke ganinta da wanda ba ya gani ba, ba ta zagaya aji, ba ta leƙa littafin kowa. Kuma yaro ya kafe abu da ido ba shi ne ya fahimta ba. Abin da ke ci min rai har yanzu shi ne sauran 'yan matan bencin nan. Su ba wanda ya ce iska ta taɓa su, don ba su yi hawaye ba. Sun yi shiru, aka ce suna da ladabi. Saura kaɗan a raba jikata da karatu, manya masu ilimi da masu gemu duk sun duba lamarin, kowa daga kujerar gaba.

Kafin ka ce yaro ba shi da hankali, tashi ka je ka zauna inda ka zaunar da shi.